Ɗakin da Makaɗi Ba Ya Shiga

Ranar da likita ya ɗaura mini abin awo a damtse ya ce jinina ya kai 150 bisa 95, ina da shekara talatin da takwas, kuma ban fi wata huɗu da binne mahaifina ba. Shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da shi shekara uku kafin Allah ya karɓi abinsa, ni ne kuma mai juya shi a kan gado da dare. Saboda haka da likitan ya soma bayanin abin da hawan jini yake haifarwa, na riga shi sanin ƙarshen zancen. Ya rubuta mini magani, ya hana ni yawan gishiri, sannan ya ce, "Malam, maganin nan rabin aiki ne, sai ka haɗa da motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla minti 150 a mako. Ka zaɓi abin da za ka iya jurewa, ka riƙe shi."

Wannan kalma ta zaɓi ita ce mafarin nazarin nan. Gudu ba ya shiga raina, na taɓa gwada shi mako biyu na watsar. Sai na ce bari in koyi ɗaya daga cikin wasannin faɗa, ko dambe, ko kokawa, ko karate, ko judo, ko abin da muke kira kumfu tun muna yara. Da na zauna zan auna su, sai na tarar ba ni da ma'auni. Ni malamin adabi ne a makarantar sakandare. Ban taɓa sa zare ba, rabona da kokawa kuwa tun ta yashin ƙofar gida. Duk abin da na sani game da waɗannan wasanni, ko dai a bakin makaɗi na ji shi, ko a allon silima na gan shi. Da na kai maganar ɗakin malamai, musu ya kaure, kowa da gwaninsa, amma hujjar kowa fim ce ko waƙa. Tunda labarai ne suke yi mana zaɓin, na ga ya dace a zaunar da su a tuhume su: me suke nuna mana game da jiki, me kuma suke rufewa?

Da na gida na fara. Duk wanda ya tashi a gidan da ake kunna rediyo ya ji Muhammadu Bawa Ɗan Anace yana waƙar Shago. Mahaifina yana da kaset ɗinta, har zaren ya tsinke ya ɗaure shi ya ci gaba da saurare. Ta fuskar adabi ba ni da abin da zan rage wa wannan waƙa. Kalangu yana magana makaɗi yana amsa masa, kirari yana bin kirari, kowanne ya fi na bayansa nauyi. Ɗan Anace ya gane cewa abokin karawar ɗan dambe na farko tsoro ne, shi ya sa mutuwa ba ta barin bakinsa. Yana ambaton ta, yana rage mata kwarjini, har yakan ɗauki zugarsa ya kai ta lahira. Aikin waƙar shi ne ta raba mutum da lissafi na ɗan lokaci, ya manta yana da haƙora da idanu da iyali, ya faɗa fili. Ta kuwa iya aikinta. Na sha ganin magidanta masu tumbi irina suna dunƙule hannu a kan sitiyari in ta tashi a rediyon mota.

To amma mai neman lafiya lissafi ya zo yi. Waƙar dambe tana farawa ne bayan an gama ɗaure hannu, tana ƙarewa lokacin da wani ya kai ƙasa. Kalmomin wasan kansu sun isa shaida: ana yin turmi uku, wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an ce an kashe shi, wanda ya yi nasara an ce ya yi kisa. Harshen da ya kira faɗuwa kisa ba shi da wurin ajiye tambayar mai hawan jini. Sannan ga babban giɓi: daga ina wannan jiki ya fito? A wurin makaɗi ƙarfi baiwa ne, ko gado, ko asiri, ko taurin zuciya. Ba ka jin labarin asubar da aka tashi, ko watannin da aka ɗauka kafin hannu ya yi nauyi.

Akwai wani tsohon mahauci a unguwarmu da ya yi dambe a ƙuruciyarsa. Na same shi a zaure bayan la'asar, na gaishe shi, na ce, "Baba, dambe nake so in koya don in rage wannan tumbi." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa sai ya ce, "Ɗana, mu ba mu je dambe neman ƙarfi ba. Da ƙarfinmu muka je." Ya shiga lissafa mini: damina a gona daga hantsi zuwa azahar, kaka ta yi a fita dambe, a tafi gari ya gari da ƙafa, a dawo a kayar da sa, a saɓi cinyarsa a kafaɗa zuwa kasuwa. Filin dambe wurin kashe ƙarfin da aka tara ne a wani wuri daban. Gaskiya ne akwai kiɗan noma, amma shi ma gwanin gona yake zugawa ranar gayya. Ba makaɗin da ya tsaya ya gaya mana cewa kunyar da ake ja da garma ita ce makarantar wancan naushi. Ni da hannuna bai san komai ba sai alli da jan biro, in na ɗaura zare na ɗauki rabin da ake yi wa kiɗa ne, na bar rabin da ya gina Shago.

Yana magana ina kallonsa. Kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu tudu, domin hannu ɗaya ake ɗaurewa a dambe, ɗayan tsaro yake yi. Yatsunsa biyu ba sa lanƙwasuwa, kunnensa ɗaya ya mutu, kuma sau biyu ya tambaye ni ɗan wane ne ni, alhali a gabansa aka yi sunana. Tsufa ma yana kawo haka, ban ce duk dambe ne ba. Sai dai tun 1928 wani likita Ba'amurke, Harrison Martland, ya bayyana abin da yake samun 'yan damben da suka daɗe suna shan duka a ka: tangaɗi a tafiya, karkarwar hannu, nauyin baki. Ba a yi wa wannan zango na rayuwar ɗan dambe waƙa, domin a lokacin kalangu ya koma bayan wani sabon shago. Ban ga laifin Ɗan Anace ba. Bai taɓa cewa shi malamin lafiya ne ba, ni ne na je rumfar mai tsire ina cigiyar maganin tari.

Daga nan na koma silima. Yayyenmu sun kalli finafinan Cainis a Plaza da Orion da El Dorado a Kano, mu kuma muka tarar da su a gidajen kallo na bidiyo, inda ake biyan kuɗi a zauna a benci. Sunan da ya fi kowanne a bakinmu shi ne Burusli, wato Bruce Lee, fim ɗin da ya fi zama a ranmu kuma Enter the Dragon na 1973. Da na sake kallonsa da idon nazari, abin da na lura shi ne jikin jarumin ya zo a gine tun minti na farko. An buɗe fim yana gwada ƙwanji a haikalin Shaolin, ya riga ya gama koyo, har yana koyar da wani yaro. Daga nan har zuwa ɗakin madubai inda ya kashe bos, kyamara ba ta da aiki sai lashe wannan jiki: jijiyoyin wuya, tsagin ciki, sawun farata a ƙirji. Fim ɗin yana nuna maka jiki, yana kiran sunan salo, ya bar ka ka haɗa su da kanka, ka ɗauka salon ne ya haifi jikin. Nan ma giɓin waƙar Shago ne ya sake fitowa cikin wata riga.

Abin da aka sani na rayuwar mutumin ya ƙaryata wannan haɗi. Bruce Lee yana gudu, yana tsallen igiya, yana ɗaga ƙarfe, yana kiyaye abin da yake ci, wato irin ayyukan da ni na guje musu saboda gundura. A 1970 ya ji mummunan rauni a baya wajen ɗaga ƙarfe, ya yi watanni a kwance. Ya rasu ranar 20 ga Yulin 1973 yana da shekara 32, kafin a fara nuna fim ɗin. Abin ban mamaki kuma, mutumin da hotonsa ya sa dubban samari suke musun wane salo ya fi, shi kansa ya ƙare yana sukar bautar salo, yana ɗibar abin da ya ga yana aiki daga damben Turawa da wasan takobi da kokawa. Wannan ɓangare na tarihinsa bai iso gidan kallonmu ba.

Duk da haka fim ya ci ni. Na sami wani fili a bayan wata makarantar firamare inda wani saurayi yake koyar da abin da ya kira kumfu, yara suna ce masa Masta. Bai tambaye ni shekaruna ba, balle lafiyata. Ranar farko muka zagaye fili da tsallen kwaɗo, muka dafa siminti da dunƙulallen hannu muna sama muna ƙasa, sannan aka sa wani ƙato ya danne mini kafaɗu don ƙafafuna su buɗe. Wanda ya yi ƙara sai a ƙara masa. A mako na uku gwiwata ta hagu ta kumbura, na yi wata guda ina salla a kan kujera. Uwargida tana gasa mini da ruwan zafi ta ce, "Malam, likita cewa ya yi ka motsa jikin, bai ce ka karya shi ba."

Ina kwance ina jinya na gane inda wannan saurayi ya yi karatu, domin makarantarmu ɗaya da shi. A Drunken Master na 1978, Jackie Chan ya fito a matsayin gagararren yaro da aka miƙa wa wani tsoho mashayi ya horar da shi. Tsohon ya rataye shi kai a ƙasa yana ɗiban ruwa da 'yan kofuna daga wannan mazubi zuwa wancan, ya sa shi fasa ƙwallon gyaɗar Turawa da yatsu. Fim ne na barkwanci, an shirya azabar don a yi dariya, masu yin ta kuma 'yan wasa ne da aka horar tun suna ƙanana. Amma darasin da ya zauna a kan mai kallo shi ne gwargwadon muguntar malami gwargwadon iliminsa, kuma ciwo alamar ci gaba ne. Masta ya yarda da haka, ni ma na yarda, shi ya sa da gwiwata ta fara kuka a mako na farko na ɗauka albishir take yi mini.

Fim ɗaya ne a cikin waɗanda na sake kallo ya shiga ɗakin da sauran suke wucewa ta ƙofarsa, shi ne The 36th Chamber of Shaolin, wanda Lau Kar-leung ya shirya a 1978, Gordon Liu ya fito a matsayin San Te. Labarin a sama ba sabo ba ne: ɗalibi ne da azzaluman mahukunta suka kashe masa uba da abokai, ya tsere da rauni zuwa haikalin Shaolin don ya koyi faɗa ya ɗau fansa. Abin da ya bambanta shi shi ne inda ya ajiye nauyinsa. Tsakiyar fim ɗin gaba ɗaya, wadda ita ce mafi daɗi, koyo ce, babu bos a cikinta. San Te ya yi shekara yana shara kafin ya buɗi baki ya nemi a koya masa. Da aka ce ya zaɓi inda zai fara cikin ɗakuna 35, sai ya zaɓi na ƙoli, kamar yadda kowane sabon shiga yake yi, kamar yadda ni ma na yi. Nan take aka watso shi waje, ya koma na ƙasa.

Ɗakunan farko babu naushi a cikinsu ko ɗaya. Kafin ka isa wurin cin abinci sai ka tsallake kududdufi ta kan damin itace mai iyo, in ka faɗa ruwa ka rasa tuwon ranar. Na gaba ɗaukar bokitan ruwa ne zuwa kan tudu da hannuwa a miƙe. Na gaba buga ƙararrawa da doguwar gora mai nauyi a kai, da wuyan hannu kaɗai, kuma bisa ƙa'idar bugun da malami yake yi. Akwai ɗakin idanu, inda ake sa kanka tsakanin manyan turarukan wuta biyu ka bi haske da ƙwayar ido ba tare da ka juya wuya ba. Wanda ya san motsa jiki zai ga abin da ake ginawa: daidaiton tsayuwa, ƙarfin kafaɗa, juriya, natsuwa, kowanne a kan wanda ya gabace shi. Lau Kar-leung ɗan gidan masu wannan sana'a ne, kuma ya yi abin da ke da wuya a kowane irin adabi, ya mayar da maimaici labari. Mai kallo yana ɗokin ganin ko yau San Te zai tsallake ruwa fiye da yadda yake ɗokin ganin an kashe janar. Akwai wurin da ya tashi da dare shi kaɗai yana gwada taka ganguna ana barci. Wannan 'yar fitowa ta fi dukan Enter the Dragon gaskiya game da yadda ake samun jiki, kuma ita ce ta fi kusa da abin da tsohon mahaucin ya gaya mini a zaure.

Ban ce fim ɗin ya kuɓuta ba. Ya ɗaura wuƙaƙe a damatsan masu ɗaukar ruwa don su soke su in hannu ya sauka, ya sa su tunkuyi buhunan yashi da ka har su jirkice, wato shi ma bai yarda a koyi abu ba tare da jini ba. Shekaru kuma suna wucewa a cikinsa cikin 'yan mintuna, da kiɗa mai daɗi a baya, alhali a zahiri babu kiɗa, ranar Talata kamar ta Alhamis take. Wannan cuta ta taƙaita lokaci ta fi tsanani a The Karate Kid na 1984, inda yaro ya goge motoci ya yi wa shinge fenti, bayan 'yan watanni ya kayar da masu baƙar ɗamara. Amma ƙarshen fim ɗin Lau shi ya riƙe ni. Da aka ce San Te ya zaɓi ɗakin da zai shugabanta, sai ya roƙi a buɗe na 36, inda za a koyar da mutanen gari waɗanda ba sufaye ba. Aka hukunta shi saboda wannan roƙo, daga baya ya samu. Fim ɗin ya tsaya a bakin ƙofar wannan ɗaki, bai nuna mana yadda za a koyar da mai sayar da kifi ko malamin makaranta mai tumbi ba tare da an kashe shi ba.

Amsar wannan tambaya a tarihi na same ta, wurin wani malamin makaranta ɗan Japan mai suna Jigoro Kano. Sunan ya yi kama da na birninmu, amma dacewa ce kawai, ɗalibaina sun sha tambaya ta. An haife shi a 1860, ƙaramin jiki gare shi, ya koyi tsohuwar dabarar faɗa ta jujutsu don ya kare kansa daga masu cin zali. A 1882 ya buɗe makarantarsa ta Kodokan a wani ɗaki na haikali a Tokiyo. Abin da ya yi aikin edita ne. Ya ɗauki dabarun da aka gada, ya ware masu hatsari, irin su naushi da shuri a wuraren da ke kisa, ya ajiye su a darasin da ake yi bisa tsari ba da gaske ba. Ya bar waɗanda mutum biyu za su iya gwadawa da iyakar ƙarfinsu yau, gobe su dawo su sake. Ya kuma bayyana tarbiyyar jiki a matsayin ɗaya daga cikin manufofin abin da ya kira judo. Mutumin ya yi shekaru yana shugabantar kwalejin horar da malamai, saboda haka tambayar da ke gabansa ta malami ce: me ɗalibi zai iya maimaitawa shekara da shekaru?

Ba shi kaɗai ya yi irin wannan tankaɗe ba. A farkon ƙarni na 20 Anko Itosu ya shigar da karate makarantun Okinawa, ya tsara jerin darussa biyar masu sauƙi don yara. A 1956 hukumar wasanni ta ƙasar Sin ta taƙaita taici zuwa motsi 24 da tsoho zai iya yi a lambu cikin 'yan mintuna. Duk inda wasan faɗa ya zama abin neman lafiya, za ka tarar wani ya zauna ya cire masa wani abu, kuma abin da aka cire galibi shi ne wanda makaɗi da mai fim suka fi so. Ko a nan kusa da mu, kokawar gargajiya da Nijar take yi wa gasar takobi tun 1975, wadda aka fara a Tawa, ta fi dambe kusa da wannan sifa, tunda babu naushi a cikinta kuma a kan yashi ake faɗuwa. Matsalarta gare ni ita ce ban sami inda ake koya wa magidanci ita daga tushe ba. 'Yan kokawa ma da ƙarfinsu suke zuwa.

Kada a ɗauka na sami salon da ba shi da aibi. A Japan ɗin kanta, bincike ya nuna 'yan makaranta fiye da 100 sun mutu a wajen judo tsakanin 1983 da 2011, da yawansu ta bugun kai, a hannun masu koyarwar da suka ɗauki azaba tarbiyya. Ashe ko an tace salo, in ya faɗa hannun irin su Masta sai ya koma gidan jiya. Wannan ya sa da gwiwata ta warke na daina tambayar wane salo, na koma duba wane malami, da wane wuri, da kuma ko zan iya zuwa sau uku a mako ba tare da na sha kuɗin mota biyu ba. Na leƙa ajin taekwondo, wasan da Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ciyo wa Nijar lambar azurfa da shi a Riyo a 2016. Ajin ya burge ni, sai dai shurin sama da suke yi ya fi ƙarfin gwiwar da na riga na ɓata. Na leƙa wani ajin damben zamani, inda mutum zai iya tsayawa a dukan buhu da tsallen igiya ba tare da an taɓa masa kai ba, kuma da ya fi kusa da gida da shi zan ɗauka.

Wanda ya fi kusa shi ne wani ɗakin judo mai tsofaffin katifu, tafiyar minti goma sha biyar a ƙasa. Malamin dattijo ne, tsohon ma'aikaci. Tambayarsa ta farko ita ce, "Malam, kana shan wani magani?" Da na gaya masa, ya ce sai na kawo takardar izinin likita. Da na kawo ya gindaya mini sharuɗɗa: ba ni ba darasin shaƙa, kada in riƙe numfashi in ina yunƙuri, kuma in na ji jiri in zauna ba sai na nemi izini ba. Sannan ya sa ni faɗuwa. Wata uku ban koyi kayar da kowa ba. Daga zaune, daga tsugune, daga tsaye, ta baya, ta gefe, ta gaba, haɓa a manne da ƙirji don kada ƙeya ta bugi ƙasa, hannu ya mari katifa ya ɗebe wa jiki nauyin saukar. Kowace faɗuwa kuma sai an tashi, tashin nan sau arba'in ko hamsin a dare shi ne ya jiƙa mini riga fiye da duk tsallen kwaɗon da na yi. Na binciki abin da na sani na waƙa da fim, ban sami inda aka yi wa gwanin faɗuwa kirari ba. A dambe sunanta kisa, a silima kuwa rabon yaran bos ce.

Yanzu shekara ɗaya da rabi ke nan. Akwai makonnin da na yi fashi, musamman lokacin gyaran jarrabawa da azumi. Na murɗe ɗan yatsa sau ɗaya, kafaɗa ta yi mini tsami sau da yawa. Wandona ya ragu da inci uku. Awon da aka yi mini na baya-bayan nan ya nuna 135 bisa 85, likita kuma bai janye magani ba, ya ce ba ya jin zai janye. Har yanzu in Ɗan Anace ya tashi a rediyo ina ƙara murya.

Kwanan baya na wuce ta zauren tsohon mahaucin da farin kayana a jaka. Ya kira ni ya ce, "Ɗana, an ce ka shiga kokawar Japan. Wa ka kashe?" Na ce, "Baba, ban kashe kowa ba, ni ake kayarwa." Ya ce in nuna masa. Na ja tabarma na tsuguna, na kife haɓa, na tafi ta baya na mari ƙasa, na tashi. Ya yi shiru yana kallon tabarmar. Can ya ce, "Sake, amma a hankali. Makon jiya na zame a bayi, Allah ne ya kiyaye ƙeyata." Na sake sau uku yana bin hannuna da ido. Da ya yunƙura zai sauko daga kan buzunsa ya gwada, na riƙe shi, na ce ya bari in tambayi malaminmu ko akwai yadda ake koya wa mai shekarunsa, in kuma ya yarda ranar Asabar zan zo da katifa.